Yadda manhajar kula da ma'aikata ta ƙi zama a wani kamfani a Gusau, da yadda aka yi ta zauna daga baya

Asalin wurin, kafin 2019

Kamfanin yana Gusau, ba zan kama sunansa ba, haka ma kamfanin da ya sayar musu da manhajar. Irin kasuwancin gida ɗaya ne da ya yi ta girma a hankali har ya fi ƙarfin littafi da biro: sayen hatsi a ajiye, dillancin taki da siminti, gidajen mai, sai tireloli masu zuwa kudu. Hedkwata na Gusau, rassa kuma a Kaura Namoda, Talata Mafara, Gummi, Tsafe da Shinkafi. Masu albashin wata sun haura 600, ban da 'yan dako da ake sallama kullum da yamma gwargwadon buhun da kowa ya ɗauka.

Yadda ake albashi a lokacin shi ne, akawun kowane reshe ya rubuta sunaye a babban littafi, manaja ya sa hannu, a ɗauki hoto a turo ta WhatsApp ko a ba direba ya kawo, akanta a Gusau ya zauna ya buga a Excel. Wasu a tura musu banki, wasu a ƙirga a sa a ambulan. Bashin albashi, kuɗin hanya na direbobi, abin Sallah, buhun shinkafa na azumi, duk suna kan wasu takardu daban, wasu ma a kan akawu kawai suke, shi ya san wa ya ci bashi nawa kuma saura nawa. Albashin wata kan shiga tsakanin 5 zuwa 10 ga wata mai zuwa, kuma kowa ya saba.

2019: tambayar da ta tayar da zancen

A Afrilun 2019 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 30,000, kuma dokar ta hau kan duk wurin da ke da ma'aikata 25 zuwa sama. Alhaji mai kamfani ya ce a lissafa masa nawa ƙarin zai ci. Kafin a kai ga kuɗi sai da aka tsaya a tambaya ta farko, wato mutum nawa ne ma ke aiki a nan. Akanta ya kawo adadinsa daga Excel, ofishin ma'aikata ya ƙirga fayiloli ya kawo nasa, manajojin rassa suka haɗa nasu, uku ɗin ba wanda ya yi daidai da wani, tazarar da ke tsakanin babba da ƙarami ta kusa mutum 70.

Alhaji ya sha jin labarin IPPIS, tsarin albashin gwamnatin tarayya da aka fara a 2007, da yadda ake cewa yana bankaɗo ma'aikatan bogi, don haka ya ce shi ma irinsa yake so. Aka kira kamfanoni uku suka zo suka nuna kayansu a kan allo, aka zaɓi wani daga Legas. Manhajar tana kan intanet ne gaba ɗaya, ana biyan kuɗin shekara a kan kowane ma'aikaci, farashin kuma da dala aka rubuta shi. Aka haɗa da na'urorin dangwala yatsa, ɗaya a kowane reshe, biyu a hedkwata. A zaman da aka yanke shawarar akwai Alhaji, babban manaja, akanta da yaron da ke gyaran kwamfutoci. Akawun reshe ko ɗaya ba a kira ba.

2020: yunƙurin farko

An tsara masu manhajar su zo su yi mako biyu suna koyarwa, sai korona ta shigo aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ba a ɗage ba sai farkon Yuli. Koyarwar ta koma ta bidiyo, da Turanci, sabis na yankewa, akawun Gummi da na Shinkafi rabin darasin ma ba su ji ba. Saboda an riga an biya kuɗi kuma ana ganin lokaci na tafiya, sai aka ɗauki fayil ɗin Excel na akanta yadda yake aka loda, aka ce daga Oktoba duk rassa su koma sabon tsari rana ɗaya, a rufe littattafai.

Albashin Oktoba ya fito a birkice. Matsalolin kashi-kashi ne, kuma yana da kyau a bi su don kowace da nata dalili.

Ta farko sunaye. Mutum ɗaya a littafin reshe Mamman Sani ne, a Excel Muh'd Sani Kaura, a banki kuma Mohammed Sani K/Namoda, manhaja ta ɗauke shi mutum biyu a wani wuri, a wani wuri kuma ta haɗe Sani Abubakar guda uku na rassa daban ta ce maimaici ne ta riƙe albashin biyu. Ranar haihuwa da za ta raba gardama ba ta raba ba, don mutane da yawa 1 ga Janairu aka rubuta musu.

Ta biyu na'urar yatsa. Mutumin da ya shekara goma yana ɗaukar buhun siminti da taki, zanen yatsunsa ya goge, zai dangwala babban yatsa ta yi ja, ya goge a riga ya sake, ya hura masa iska ya sake, ya canza hannu, layi ya taru a bayansa har bakin get, mota na jiran lodi, ƙarshe manaja ya ce kowa ya tafi aiki kawai. Matan da ke tsintar hatsi da kashiyoyi mata, makon da suka sa lalle su ma na'urar kan yi musu gardama. Duk wanda ta ƙi karɓa, a wurin manhaja bai zo aiki ba, ƙarshen wata a yanke masa.

Ta uku lokacin aiki. An saita ta a Litinin zuwa Juma'a, 8 zuwa 5, alhali wannan kamfani Asabar ma aiki ne, ranar kasuwar gari kuwa tun asuba ake fitowa har dare. Fita masallacin Juma'a ta lissafa shi tashi da wuri. Direban da ya tafi Legas ya yi kwana 9 a hanya ta rubuta masa fashin kwana 9. Bashin albashi kuwa babu gidansa a ciki sam, don ba wanda ya gaya wa masu manhajar akwai irin wannan abu, sai wasu suka sami cikakken albashi alhali ana binsu, wasu kuma akanta ya cire da hannu manhaja ma ta sake cirewa.

Kwana uku ma'aikata na cika harabar hedkwata. Direbobi suka ce ba mai tayar da mota. Aka biya kowa da tsohon lissafi.

Ƙarshen 2020 zuwa Agustan 2021: faci a kan faci

Abin da aka gwada a wannan tsakani gajere ne a faɗa. An sauya na'urorin yatsa da wasu masu tsada, matsalar 'yan sito ba ta gushe ba. An fitar da sanarwa cewa duk akawun da aka kama da littafi za a hukunta shi, littattafan suka koma gida cikin jaka. An kori yaron kwamfuta an ɗauko wani. A zahiri kamfanin ya koma yana aiki biyu, Excel shi ne na gaske da ake biya da shi, manhaja kuma ana cika ta bayan an biya don rahoton da ake kai wa Alhaji ya yi kyau. Kuɗin shekara ya zagayo aka sake biya.

Satumban 2021: ranar da aka ɗauke sabis

Ranar 3 ga Satumba 2021 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta sa aka rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. An ce mako biyu ne da farko, amma Gusau ba ta ga sabis ba sai farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. An rufe kasuwannin mako-mako, an taƙaita sayar da mai, kasuwancin kamfanin kansa ya ja baya sosai.

Manhajar da ke zaune a intanet ta zama ba a iya ko buɗe ta. WhatsApp ɗin da ake turo hotunan littafi shi ma babu. Akanta ya ɗauki laftof ya tafi Zariya ya kama ɗaki don ya iya tura albashi ta banki, kuma abin da ya tafi da shi kwafin littattafan nan ne da aka haramta, waɗanda akawuna suka fito da su daga jaka. Na Kaura, wani dattijo da kowa ke kira Baba Akawu, nasa littafin har da bashin kowa da ranar da aka ci. Da littattafan nan aka biya Satumba da Oktoba.

Bayan an dawo da sabis aka yi zama, rabin mutanen ɗakin suna cewa a yar da manhajar a huta. Alhaji ya ce a ba shi wata ɗaya.

2022: yunƙuri na biyu

Abin da ya yi a watan shi ne ɗauko wata Hajiya da ta yi ritaya daga ofishin ma'aikata na wata ƙaramar hukuma, wadda ta shekara da shekaru tana riƙe fayilolin mutane. Ba ta iya kwamfuta can-can ba, aka haɗa ta da sabon yaron. Sharaɗinta guda biyu ne, kada a taɓa manhaja sai an gama tantance mutane, kuma sunan ma'aikaci ba ya shiga ko ya fita sai ta teburinta.

Tantancewar ta ɗauki wata huɗu, daga Janairu zuwa Afrilu. Kowa ya zo da kansa, da NIN ɗinsa da lambar asusun banki, a ɗauki hotonsa, manajan reshe da akawu su tsaya su ce e mun san shi ga aikin da yake yi. Abin da ya sauƙaƙa shi ne umarnin haɗa layin waya da NIN da aka bayar a Disambar 2020, ya sa yawancin mutane sun riga sun yi. Aka ba kowa lambar ma'aikaci ta kamfani wadda ba ta canzawa ko an mayar da shi wani reshe, sunan da ke kan NIN shi ne na albashi, sunan da aka san shi da shi a wurin aiki kuma aka buɗe masa gida daban, don in ka ce Muhammad Sani ba wanda zai waiwayo a sito, sai ka ce Ɗan Kaura. Shinkafi ce ta zo ƙarshe saboda hanya, sau biyu ana ɗage tafiyar, daga baya aka riƙa kawo ma'aikatan Kaura rukuni-rukuni a ranakun da aka ga hanya da dama-dama.

A nan ne tazarar mutum 70 ɗin nan ta warware, kuma ba yadda aka zata ba. Kaso mafi yawa mutanen da aka yi wa canjin reshe ne, sabon reshe ya rubuta su, tsohon bai goge ba, wasu albashin biyun na shiga, wasu na tsohon reshen wani ke karɓa. Akwai waɗanda suka bar aiki tuntuni. Akwai sunaye kaɗan da ba wanda ya taɓa ganin masu su, waɗannan kam bogi ne, kuma manaja ɗaya ya rasa aikinsa a kansu. Sai kashi na ƙarshe, mutum goma sha wani abu, ma'aikata ne da suka rasu, wasu hatsarin mota wasu a hannun 'yan bindiga, Alhaji da bakinsa ya ce a ci gaba da ba iyalansu albashin, amma ba a rubuta haka ko'ina ba, suna nan a jerin masu rai. Da a ce an bi manhaja ido rufe an goge su a matsayin bogi, da an yanke wa zawarawa da marayu abinci ba tare da mai bayarwar ma ya sani ba. Hajiya ta cire su daga albashi ta buɗe musu asusun taimako daban da sunan matar ko babban ɗa, kuɗin na fita rana ɗaya da albashi.

Daga nan aka kira masu manhajar, wannan karon suka zo Gusau da ƙafarsu, aka zaunar da su da akawuna shida a ɗaki ɗaya kwana uku, yaron kwamfuta na fassara. Baba Akawu ya buɗe littafinsa shafi-shafi yana nuna musu me kowane layi ke nufi. A nan aka gina gidan bashin albashi da yadda ake cirewa kaɗan-kaɗan, aka gina na kuɗin hanya, aka saita Asabar da ranar kasuwar kowane reshe, da hutun Juma'a, da lokacin aiki na azumi. Hutun Sallah aka bar shi a buɗe sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata a saka. Direbobi aka cire su daga dangwale, takardar fita da ta dawowar mota ita ce shaidarsu. Fansho aka saita shi yadda dokar 2014 ta ce, kashi 8 daga ma'aikaci kashi 10 daga kamfani, harajin albashi kuma a kai wa hukumar tara haraji ta jiha kafin 10 ga wata mai zuwa, sannan aka cire masu mafi ƙarancin albashi daga harajin kamar yadda dokar kuɗi ta 2020 ta tanada, abin da tsohon Excel ɗin bai taɓa yi ba.

Na'urar yatsa aka bar ta ga ma'aikatan ofis da gidajen mai. 'Yan sito aka ba su kati mai hoto, akawu na tsaye yana kallon fuska. Aka zaɓi na'urar da ke ajiye bayani a cikinta ta tura in sabis ya zo, aka haɗa mata ƙaramin sola. Aka kuma sa doka cewa ranar 20 ga kowane wata a rufe lissafi, a buga jerin albashin kowane reshe a takarda, kwafi ɗaya a reshe ɗaya a Gusau, a sauke dukan bayanan a filash a kulle a sef. Wannan darasin Satumba ne kai tsaye.

Ba a kunna wa kowa lokaci ɗaya ba. Talata Mafara aka fara a Yuni, wata uku ana yin littafi da manhaja tare, ranar 21 akawu da Hajiya su jera biyun su bi layi-layi, duk inda suka saɓa a nemo dalili kafin a biya. Watan farko saɓanin ya cika shafi biyu, na uku ya rage layi huɗu. Sai aka ƙara Kaura da Tsafe, akawun Mafara ne ya je ya koya musu da Hausa, sannan Gummi da hedkwata, Shinkafi a Disamba.

A cikin wannan tsakani ne abin da ma'aikatan ke yawan ba da labarinsa ya faru. Wani yaro ya shigo ofishin Hajiya da 'yar takarda, rubutun Alhaji ne, a sa shi a albashi daga wannan wata, ɗan wani amininsa ne. Ranar 23 ce, an rufe lissafi. Ta ɗauki takardar ta hau sama da kanta.

"Ranka shi daɗe, ga takardarka na gani. In anka saka shi yau ta baya, gobe manajan Kaura zai kawo nashi, kuma ba ni da bakin hana shi."

Alhaji ya yi shiru yana juya takardar, sannan ya ce, "To Hajiya, a yi mishi fom awa kowa, ya shiga wata mai zuwa. Na wannan watan ni zan ba shi daga aljihuna."

Kafin la'asar labarin ya kai duk rassa.

2023 zuwa 2024: gwaji da sakamako

Farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardar naira saboda canjin kuɗi. Da yake tantancewa ta tilasta wa kowane mai albashin wata buɗe asusu, albashinsu ya shiga a kan lokaci, wahalar cirewa a POS ce ta rage musu kamar kowa. 'Yan dako da ke karɓar kuɗi a hannu su ne suka sha wuya, don ba sa cikin tsarin.

A Yunin 2023 abu biyu suka taɓa aikin. Babban banki ya saki farashin naira, kuɗin shekara na manhajar da aka rubuta da dala ya yi tsalle, sai da aka koma teburi aka mayar da yarjejeniyar naira, kuma rage sunayen da ba su da masu su ya rage kawunan da ake biya wa. A watan ne kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, sai aka raba faswod, akawu ba ya ganin komai sai na reshensa, kuma aka hana tura jerin albashi a guruf ɗin WhatsApp.

A Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. Tambayar da ta gagara amsuwa a 2019 aka sake yi, akanta ya kawo adadin mutane da abin da ƙarin zai ci, reshe-reshe, a yini ɗaya. Albashi yanzu yana shiga tsakanin 25 da 27. Littafin koke da Hajiya ta ajiye a bakin ofishinta, wanda a farko yake cin shafuka duk wata, yanzu koke biyar ko shida ne, yawanci na asusun da banki ya toshe.

Abin da nake gani

Manhajar da ta kunyata su a 2020 ita ce dai ke aiki yau, ba a canza kamfani ba, don haka ban ga dalilin ɗora mata laifin farko ba. Kamar injin niƙa take, hatsi da tsakuwa duk abin da ka zuba shi za ta niƙa maka, kuma Excel ɗin da aka loda mata cike yake da tsakuwa. Masu sayarwar ma suna da nasu kason, don bai kamata su yarda a kunna wa rassa biyar da hedkwata rana ɗaya ba alhali ba su taɓa taka sito ɗaya sun ga hannun ɗan dako ba, kuma sayar da abin da ba ya motsi sai da intanet a jihar da sabis da wuta ba su da tabbas ganganci ne.

Kuskure mafi tsada a wurina shi ne ɗaukar akawuna a matsayin matsalar da za a kawar. An shigo da tsarin da niyyar kama ɓarayi, kowa ya ji a jikinsa ana zarginsa, to wa zai taimaka maka ka gina abin da aka ce don kama shi aka kawo? Alhali ilimin yadda kamfanin ke tafiya da gaske, bashi da kuɗin hanya da wane ne Ɗan Kaura, a littattafansu yake. Bogin da aka samu kaɗan ne idan aka kwatanta da tarin sakaci na canjin reshe da alherin da ba a rubuta ba.

Amma ko tantancewar da gyaran saitin ba za su riƙe ba da Alhaji ya ce a saka yaron nan ranar 23. A irin kamfanonin nan namu maganar mai gida ita ce ƙofar da ta fi kowace faɗi, kuma manajoji kallonsa suke yi, abin da ya yi wa doka shi za su yi mata. Na fi ba wannan rana nauyi a kan duk kuɗin da aka kashe a na'urori.

Akwai abin da bai gyaru ba. 'Yan dako, waɗanda a lokacin kaka sun fi masu albashi yawa, har yanzu a takardar ƙirgen buhu suke, ba fansho ba wata shaida cewa sun taɓa aiki a wurin in wani ya ji rauni, kuma wannan ya dame ni fiye da komai a labarin. Reshen Shinkafi na yin mako bayanansa ba su iso ba. Sannan ƙofar shiga albashi har yanzu ƙarfinta na jingine da mutum ɗaya da Alhaji ke jin nauyinta. Hajiya ta fara koya wa mutum biyu aikin, an kuma rubuta ƙa'idar ɗaukar ma'aikaci a takarda Alhaji ya sa hannu, amma ba a kai ga ranar da ɗaya daga cikinsu zai hau sama da 'yar takarda a hannu ba tukuna.